Bawul ɗin da Na Buɗe Ranar Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Ummina.

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, Ya tsare ki tun daga tashar Kawo har ƙofar gidan Gwaggonki, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Na ba mamanki ita na ce ta cusa miki a ƙasan jaka, kada ta ba ki a hannu. Na san halinki, da a tsakar gida za ki ɓare ta ki hau karatu ina zaune, ni kuwa ba zan iya kallon fuskarki kina karantawa ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Wata magana ce na binne shekara goma sha tara, ke kuma kika tono ta ranar Asabar ba ki sani ba. Idan kin gama karantawa mai yiwuwa ba za ki ƙara kallona yadda kika saba ba. Na auna wannan sosai, na ga gara haka da ki kama aiki ranar Litinin da ƙaryata a cikin kanki.

Kin tuna wajen walimar da mamanki ta haɗa miki, da Kawunki Bala ya tsokane ki ya ce, "Injiniya guda, duk karatun nan a ruwan ƙazanta zai ƙare?" Kika yi dariya kika ce ai gado kika yi. Sai kika ba su labarin nan: wata Juma'a wani makanike ya buɗe bawul ɗin tanki, dagwalo ya malale lambunan mutane, babanki ya dawo daga masallaci da fararen kayansa ya rufe. Ina zaune ina murmushi, na saba jin labarin, ai ni na ƙera shi. Sai kika ɗora da abin da ban taɓa jin kin faɗa ba. Kika ce, "Shi ya sa ni na ƙudura, babu makaniken da zan yarda da maganarsa a wajen aikina. Ba su da amana, kana juya baya za su kai ka su baro."

Ummi, nan take na ajiye lomar da ke hannuna. Gumi ya karyo min, kunnena ya ɗauki ƙara, mutane suna ta dariya ni ina jin su kamar daga nesa. Mamanki ta ɗauka hawan jinin ne, har ta aiko min da ruwa. Ba hawan jini ba ne. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki, kuma abin da take faɗa ya fi wanda na koya mata muni.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Da na kama aiki a kamfanin man girki da sabulu da ke hanyar Zariya, kafin a kai Katabu, tankin kwantar da laka aka ba ni. Na san kin fi ni sanin lissafinsa, kin zana shi a takarda kin ci jarrabawa da shi, amma ki ji yadda Baba Audu, tsohon da ya koya min aiki, ya faɗa min ranar farko. Ya ce, "Ka taɓa ganin mace tana tace gasara? Ƙullu ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, a tsiyaye. To aikin ke nan. Sai dai namu ƙullun ba a damawa, kuma in ka manta da shi zai taso ya neme ka." Tankin zagayayye ne, faɗinsa ya ninka tsakar gidanmu. Ruwan wanke-wanken kamfani yana shigowa ta tsakiya ya natsu, laka ta sauka, ruwan sama ya tsiyaya ta bakin nan mai haƙora, ya bi kwata ya faɗa rafin da ke bayan katanga. A saman tankin akwai gadar ƙarfe mai zagayawa a hankali. A ƙarƙashinta an rataye manjagara, ita ke share laka tana tura ta ramin tsakiya, famfo ya zuƙe ya kai filin shanya. A bakin rafin kuwa masu lambu ne jere, da rani da ruwanmu suke ban-ruwa.

Baba Audu yana da wani dogon bututun roba da ake ganin cikinsa. Sau uku a rana zai hau gada ya zura shi har ƙasa, ya jawo, ya ga inda laka ta kai. Aiki ne mai ƙazanta, ruwan yana gangarowa ta hannu har hammata, kuma warin ba ya jin sabulu, mu da muke kamfanin sabulu. Shekara shida ina yin haka ban fasa ba. Da tsohon ya yi ritaya aka ba ni kujerarsa, muka kuma tare a Unguwar Rimi, cikin ma'aikatan gwamnati masu guga da turare. Idan maƙwabta suka tambaye ni aikina sai in ce "harkar ruwa", in bar su su ɗauka abin da suka ga dama. Wata rana a sahun Magariba wani bawan Allah da ke gefena ya ja hanci sau biyu, ya ɗan matsa. Wataƙila mura yake yi, Allah masani. Ni dai washegari da farin yadi na tafi aiki, bututun Baba Audu kuwa na jingine shi a bayan ofis har rana ta gasa shi ya tsage.

Daga nan da ido nake aiki. In leƙo ta taga, in ga gada tana juyawa, ruwan sama garau, in ce alhamdulillahi. Har yabona ake yi, wai Malam Lawal kallo ɗaya yake wa tanki ya san lafiyarsa, ni sakarai kuma na yarda. Ummi, ruwan sama ba ya ba da labarin ƙasa sai ranar da gyara ya wuce. Ki hau gadar nan da ƙafarki, ki zura bututu da hannunki, ko da an ajiye miki na'ura a ofis mai nuna lamba. Ki nemi takalmin roba da rigar aiki da za ta rufe ki yadda kike so, ki bar ado sai kin dawo gida. Wanda ya ja miki hanci ki bar shi da hancinsa, latas ɗin da yake ci da ruwan irinki aka shayar da shi.

Mutum ba rana ɗaya yake lalacewa ba. Duk lokacin da aka ce jami'an duba muhalli za su zo, akwai abin da muke yi, har suna muka ba shi, wai wankan amarya. Tun ana gobe za mu rage ruwan shigowa, mu zuba alam mai kwantar da laka ninki biyu, a kwashe kumfar sama, a goge bakin tanki, a share ciyawa. In sun zo ni da kaina zan karɓi kwalbar gwaji in ɗebo musu daga gefen da ya fi haske. Su tafi, mu sake ruwa ya dawo yadda yake. Ban taɓa jin wannan a matsayin ha'inci ba, kowa na yi, Manaja na jin daɗi. Sai yanzu na gane a nan na koyi cewa abin da baƙo zai gani shi ne aiki, abin da rafi zai sha kuwa ba ruwana. In kin tarar suna irin wannan a wajenku, kuma zan yi mamaki in ba sa yi, kada ki sa hannu ko sau ɗaya don a ce kina da sauƙin kai. Ki miƙa wa mai duba kwalbarsa ya ɗebo inda ya so.

Makaniken da kika ba da labarinsa yana da suna, Yohanna ake ce masa. Shekara tara muna tare, shi ke kula da injin gada da famfuna. Ya ci tuwon sallarmu, mun ci shinkafar Kirsimetinsa. Akwai wata al'ada da muke da ita, kamar yawancin wuraren aiki a garin nan: ranar Juma'a da azahar Kiristoci su tsare mana aiki mu tafi masallaci, ranar Lahadi mu tsare musu su tafi coci. Ba a rubuce take ba, kuma ba wanda ya taɓa saɓa ta.

Wata safiya cikin rani ya same ni a ofis ya ce, "Oga, kukan injin gada ya canza. Yana gudu sakayau, kamar ba abin da yake ja. Famfon laka kuma ruwa tsararo yake kawowa. Ina jin manjagara ta tsinke ta faɗi."

Na leƙa taga, gada tana juyawa abinta. Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kai ba ka ga tana tafiya ba?"

Ya ce, "Tana tafiya, Oga, amma ita kaɗai take tafiya."

Maganar Allah, na fahimce shi sarai. Abin da na hango shi ne, kafin a duba manjagara sai an kwashe tanki, kafin a kwashe tanki sai an tsayar da kamfani kwana uku, ga salla ta matso ana neman mai da sabulu kamar hauka, kuma ni ne zan tsaya gaban Manaja in faɗi haka. Sai na ce a bari sai bayan salla. Sau uku yana dawo min da maganar cikin mako biyar. Na ƙarshen har tsawa na daka masa gaban leburori, na ce in shi ne shugaba ya zo ga kujera.

To kin ga mutanen da kika ce ba za ki yarda da maganarsu ba, su ne kunnenki. Wanda yake shafa wa inji giris kullum ya fi ki sanin muryarsa, ko da bai iya rubuta sunansa ba. In ya zo miki da magana ki tashi ki bi shi ki gani, ko da shirme ne, tafiyar minti biyar ce. Kuma ki koyi shiga ofishin manya da labarin da ba sa so su ji. Za su ɓata rai, za su ce ke sabuwa ce, mace ce, me kika sani. Ki faɗa da baki, ki rubuta, ki ajiye kwafi. Ni faɗan rabin awa na guje wa, ki ji abin da ya biyo baya.

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar wata Juma'a da hantsi na iso na tarar tanki yana ta tsattsafo kumfa ƙanana, baƙaƙen curin laka suna tasowa suna yawo a sama, wari kuwa irin na ruɓaɓɓen ƙwai tun daga bakin ƙofa. Lakar mako biyar ce ta ruɓe a ƙasa ta taso neman mai ita. Kuma an riga an sanar da mu masu duba muhalli suna tafe ranar Litinin. Na tsaya a bakin tanki, na san wannan ya fi ƙarfin alam da tsintsiya.

Akwai wani tsohon bawul a gindin tankin, cikin rami mai murfi, yana zubarwa kai tsaye a kwatar da ke zuwa rafi. Don ranar gyara aka yi shi, bayan an zuƙe laka tas. Ba ya buɗuwa sai da wani dogon ƙarfe mai hannu biyu, kuma a wajena ƙarfen yake zama. Ba zan ce Shaiɗan ne ba, don shi ma ya gaji da ɗaukar laifin mutane. Ni na zauna na yi shawara da kaina: in buɗe kaɗan, na awa ɗaya, lokacin da wuri ya watse an tafi masallaci, laka ta ragu, in dawo in rufe, kafin Litinin sama ta washe.

Wajen ƙarfe ɗaya saura na aiki Yohanna sito ya nemo min wata roba da na san babu ita. Na ɗaga murfi, na zura ƙarfe, na murɗa. Bawul ɗin ya yi tsatsa ya ƙi, na sa ƙarfina duka, sai ya tafi gaba ɗaya. Na ji rugugin ruwa a ƙarƙashin ƙafata. Na so in mayar da shi rabi, sai na ji motsi ta wajen sito, na zare ƙarfen na jefa a but ɗin mota na tayar. Da alwalata na yi wannan aiki, Ummi. Na shiga masallaci na kashe waya na zauna a sahu na uku, liman yana huɗuba ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka idar wata tirela ta lalace ta tare titi, ban koma ba sai kusan ƙarfe uku. Da na kunna waya na ga kiran Yohanna sau goma sha ɗaya.

Abin da na tarar, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Rafi ya zama baƙi ƙirin. Masu lambu su ma masallaci suka tafi, suka bar injinan ban-ruwansu a kunne kamar yadda suka saba, injinan suka yi ta zuƙo dagwalo suna malalawa cikin fangali. Latas, kabeji, karas, albasa, duk sun kwanta ƙarƙashin baƙin maiƙo. Ni ban taɓa tunanin injinan nan ba, ko sau ɗaya ba su zo min a rai ba. Wani dattijo yana tsaye a tsakiyar lambunsa da darduma a kafaɗa, bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, ƙasa kawai yake kallo. Yohanna kuwa yana cikin ramin bawul, laka har ƙirji, da sifana a hannu, yana fama da kan bawul ɗin da ba ya jin sifana. Ya kashe famfunan shigowa tun tuni, amma abin da ke cikin tanki ya riga ya tafi.

Na buɗe but na ɗauko ƙarfe, na murɗa na rufe, da fararen kayana, gaban Manaja da leburori da masu lambun da suka taru. Na ji wani yana cewa, "Allah Ya yi maka albarka, Malam." Manaja ya dubi Yohanna da sifana a hannu, ya tambayi wa aka bari a wajen da azahar. Kowa ya san amsa, ai Juma'a ce. Nan take aka yanke cewa shi ya murɗe da sifana don ya nuna gaskiyarsa kan manjagara, tunda kowa ya ji rigimarmu. Manaja ya juyo ya ce, "Malam Lawal, kai me ka sani?"

Na ce, "Ni ina masallaci."

Kalma uku, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu, kuma da su na kashe aikin mutum mai 'ya'ya huɗu. Ranar Litinin aka sallame shi ba ko takardar shaida. Da aka kwashe tanki aka sami manjagara kwance a ƙasa, yadda ya faɗa. Ni kuma a ƙarshen shekarar aka ƙara min girma.

Ranar da tankinki zai juya miki tana nan tafe, babu tankin da ba ya yi. In ta zo ki tsayar da ruwan shigowa, ki kira na sama da ke ko da zai zage ki, a zuƙe laka a kai filin shanya ko a kira motar zuƙa, a aika wa mutanen rafi su kashe injinansu. Kada ki taɓa bawul ɗin da zai kai matsalarki gonar wani. Kuma duk aikin da kika ga kina jiran wuri ya watse kafin ki yi shi, ki tsaya cak, jiran nan kaɗai ya ishe ki shaida. Ki zagaya bayan katangarku ki ga su wa ke shan ruwanku, ki san sunayensu, ki karɓi lambar ko mutum biyu. Ni shekara goma sha biyar ina zuba musu ruwa, dattijon nan mai darduma har yau ban san sunansa ba.

Da na dawo gida ran nan kayana sun ɓaci da laka, kika tarye ni a ƙofa, shekarunki bakwai, kika ce, "Baba, me ya same ka?" Da na ce santsi ya kwashe ni a kwata da magana ta mutu a nan. Sai na ba ki labarin yadda mutane suka gan shi. Idonki ya hau ƙyalli, kika sa na maimaita wa mamanki, kika kai makaranta. Duk lokacin da kika ce a sake sai in sake ina ƙara gishiri, har aka kai wani lokacin ni kaina haka nake tuna shi. Na yi istigfari ba adadi, na je Makka na yi kuka, alhali na san abin da malamai suke faɗa kan haƙƙin mutum, ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Na yi ta lallaɓa kaina da cewa ai shiru kawai na yi. Ashe shirun nan yana nan yana girma tare da ke, ga shi ya fito ta bakinki yana zagin mutanen da ko haɗuwa da su ba ki yi ba. In aka yabe ki da abin da ba naki ba, ki mayar wa mai shi tun a wurin, kada ki kai shi gida.

Ranar Lahadi na faɗa wa mamanki. Ta kalle ni ta ce, "Ni na wanke kayan nan, Malam. Ina wanki ina sa maka albarka." Ta tashi ta shiga ɗaki. Har yanzu tana kawo min abinci, tana amsa gaisuwa, amma ba ta zama.

Washegari Litinin na tsallaka gadar kogi na shiga neman Yohanna. Ya daɗe da komawa ƙetaren kogi, kamar yadda Kiristoci da yawa suka koma. Na yi ta tambayar tsofaffin abokan aiki har aka kwatanta min wata rumfa da ake gyaran janareta da injin ban-ruwa. Na same shi a tsugune, kansa ya yi fari fat, tabarau ɗaure da zare. Ya ɗago ya ce, "Oga Lawal," kamar jiya muka rabu, ya jawo min benci. Na zauna na kasa ko gaisuwar kirki. Na ce, "Yohanna, bawul ɗin nan, ni na buɗe shi."

Bai ko ajiye abin da ke hannunsa ba. Ya ce, "Na sani. Ina ƙofar sito na gan ka."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutuwar zaune na yi, Ummi. Shekara goma sha tara ina ɗauka daga ni sai Allah muka sani, ashe akwai mutum a garin nan da yake kwana yake tashi da hotona ina murɗa ƙarfe. Na ce, "Ka gan ni, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na faɗa. Da yamma na bi Manaja ofis na faɗa masa. Ya ce in ji tsoron Allah, mutum ya fito daga masallaci zan ɗora masa sharri. Ya ce in na sake na faɗa a waje maganar za ta koma ta addini, kuma na san abin da wannan ke jawowa a garin nan. Sai na yi shiru, ina da yara." Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Lokacin da ya tambaye ka me ka sani, ina cikin rami ina kallon bakinka. Allah Ya sani, na ɗauka za ka faɗa."

Ya ba ni sauran labarin ba tare da ya ɗaga murya ba. Babu kamfanin da ya ƙara ɗaukarsa, duk inda ya je labarin ya riga shi isa. Babbar 'yarsa, wadda take son karatun jinya, a aji biyar ta tsaya ta kama sayar da abinci a bakin titi, har yau shi take yi. Na tuno walimarki da kujerun haya da takardar shaidarki a jikin bango, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Na roƙe shi ya yafe min. Ya tambaye ni me ya taso da maganar sai yanzu, na gaya masa abin da kika faɗa ranar Asabar, ban rage komai ba. A nan kaɗai na ga fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau ya ce, "Ummi ce ta zama injiniya? Kuma abin da ta sani game da ni ke nan?" Ya mayar da tabaransa ya ce, "Oga, aiki ya tafi, ba zai dawo ba. Sunana nake so. Ka je ka gaya wa 'yarka wanda ya buɗe da wanda ya shiga rami. In ka gaya mata ka dawo ka faɗa min abin da ta ce, sannan mu yi maganar yafiya."

To na gaya miki. Babanki ne ya buɗe, Yohanna ne ya shiga rami. Su Kawunki Bala da duk wanda ya ji labarin nan a tsakar gidanmu zan bi su ɗaya bayan ɗaya in warware, wannan nawa ne. Ba na neman ki tausaya min, in kin ji haushina haƙƙinki ne, kuma ba sai kin ɓoye don ina ubanki ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki tsani aikin saboda ni. Aikin ba shi da laifi, kuma mutanen da za ki tarar a bakin tanki ranar Litinin ba su yi miki komai ba, ki gaishe su da sunayensu.

Na ce masa zan koma ranar Asabar mai zuwa. Ba zan kira ki ba, don kada ki ga na matsa miki. Duk abin da kika ce shi zan kai masa, ba ƙari ba ragi, ko da mai ɗaci ne a kaina. In kuma ba ki ce komai ba, zan tsallaka gadar nan in je in gaya masa ba ki ce komai ba.

Allah Ya tsare ki a fita da shiga, Ya tsare ƙafarki a kan gada da hannunki a kan ƙarfe, Ya haɗa ki da abokan aiki na gari, Ya ba ki kunnen jin su. Allah Ya tsare mutanen da ke bayan katangarku. Allah kada Ya nuna miki ranar da wani zai tsaya cikin rami yana kallon bakinki ki kasa buɗe shi. Ki gaida Gwaggonki da mutanen gidan.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal